Koperatif da ƙungiyoyin gama kai: yadda ake jin ta bakin mambobi kan horo da gyara

Jin ta bakin mambobi shi ne hanyar da ƙungiya take bi don ta san abin da ƴaƴanta suke gani game da abubuwa biyu: yadda magabatanta suke tsawatarwa da hukunta mai laifi, da kuma abin da ya kamata a gyara a tafiyar da ita. A Nijar batun ya shafi dubban mutane, tun daga manoman albasa na Galmi da masu noman rani na Jiratawa har zuwa matan da suke zubin asusu kowane mako a unguwannin Maraɗi da Damagaram. Duk inda mutane suka haɗa kuɗi ko taki ko ruwan ban ruwa, to akwai doka, akwai tara, akwai wanda aka ɗora wa nauyin karɓar tarar. Da wuya ƙungiya ta mutu saboda rashin doka. Abin da ya fi kashe ta shi ne mambobi su fara ganin ana cin wasu tara ana ƙyale wasu, su rasa inda za su faɗi haka, sai su daina zuwa taro, daga nan su daina zubi.

Inda aka fito

Koperatif ta zamani ta shigo ƙasar nan ne daga sama. A shekara ta 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar UNCC domin ta tsara manoma, ta ba su bashi, ta kuma kula da kasuwannin gyaɗa da auduga. A tsarin wancan lokaci gari ɗaya ne yake ɗaukar lamunin bashin mutanensa, kuma idan wasu suka kasa biya ana iya cirewa daga rarar kuɗin gyaɗa da ake maido wa manoma bayan kaka. Ke nan wanda ya biya nasa yakan ɗauki nauyin wanda bai biya ba, alhali ba shi da ta cewa a kan wanda za a ba bashin. A zamanin Seyni Kountché koperatif da samariya su ne ginshiƙai biyu na tsarin da aka kira Société de développement, wanda shi ma hukuma ce ta zana shi. Taron ƙasa da aka yi a Damagaram a 1982 kan raya karkara ya nemi a miƙa wa manoma ragamar tafiyar da harkokinsu, musamman a filayen noman rani da ONAHA take kula da su, sannan dokar watan Nuwamba na 1996 ta ba kowa damar kafa koperatif da son ransa. Amma ɗabi'ar da aka gada ba ta gushe da sa hannu a takarda ba. Har yau akwai tsofaffin mambobi da suke ɗaukar babban taro a matsayin wurin da ake zuwa a saurari sanarwa.

Dokar da take aiki yanzu ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ita ce dokar bai ɗaya ta OHADA kan koperatif, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta fara aiki ranar 15 ga Mayu 2011 a ƙasashen ƙungiyar, cikinsu har da Nijar da Cadi da Kamaru da Benin. Najeriya da Ghana ba sa ciki, saboda haka ɗan Maraɗi da yake hulɗa da ƙungiyar manoma a Katsina kada ya ɗauka ƙa'idojin ɗaya ne. Ƙungiyoyin da ba na neman amfanin tattalin arziki ba, irin su na unguwa ko na ci gaban gari, su kuma an gina tsarinsu ne a kan dokar 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, kuma abin da za a faɗa nan gaba bai hau kansu ba sai in sun rubuta shi cikin kundinsu.

Abin da dokar ta ba mamba

Dokar ta OHADA ta san koperatif iri biyu. Akwai mai sauƙin tsari, SCOOPS, wadda mutum 5 suka isa su kafa, kwamitin gudanarwa ne yake jan ta. Akwai kuma COOP-CA mai majalisar gudanarwa, wadda sai an kai mutum 15. Yawancin ƙungiyoyin ƙauyuka da unguwanni sun zaɓi ta farko. A duka biyun ƙa'idar tushe ɗaya ce, wadda ake dangantawa da masaƙan Rochdale na Ingila da suka buɗe shagonsu a 1844: mutum ɗaya, murya ɗaya. Alhajin da ya zuba hannun jari goma da bazawarar da ta zuba ɗaya, ƙuri'arsu daidai take a babban taro.

Babban taron shekara wajibi ne, kuma ana yin sa cikin watanni 6 bayan rufe lissafin shekara. A SCOOPS dole a kira mambobi aƙalla kwana 15 kafin ranar, tare da batutuwan da za a tattauna. Kafin taron mamba yana da haƙƙin ya ga lissafin kuɗi da rahoton gudanarwa, ya kuma aika tambayoyi a rubuce, waɗanda kwamiti ba shi da zaɓi sai ya amsa su a gaban jama'a ranar taro. Wannan haƙƙin tambaya a rubuce shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali ya fi sauran amfani ga mai jin nauyi: tambayar da aka ajiye tun mako biyu ba a iya share ta da cewa lokaci ya ƙure ko magariba ta gabato.

Idan shugabanni suka ƙi kiran taro fa? Kashi ɗaya cikin huɗu na mambobi suna iya tilasta a kira shi. Adadin nan na kashi 25 cikin 100 ya sake fitowa a wani wuri: mambobin da suka kai haka suna iya zuwa gaban shugaban kotun da hedikwatar koperatif take ƙarƙashinta, su nemi a naɗa ƙwararre ya binciki wani aiki na musamman, kamar sayen taki ko sayar da abin da ke cikin magazen. A ƙungiya mai mutum 40, mutum 10 ke nan. Ba adadi ba ne da ya gagara.

Sai kuma hukumar sa ido, mai mutum 3 zuwa 5 waɗanda babban taro yake zaɓa. Aikinta shi ne ta zama idon mambobi tsakanin taro da taro. Tana iya duba littattafai a kowane lokaci, tana iya neman bayani daga kwamitin gudanarwa kan duk abin da take ganin zai jefa ƙungiya cikin hatsari, kuma kwamitin yana da wata guda ya ba da amsa. Idan amsar ba ta gamsar ba, tana iya sanar da tarayyar da koperatif ɗin take ciki, ko ta kira babban taro da kanta. Doka ta hana a sa ɗan kwamitin gudanarwa cikin wannan hukuma, haka ma matarsa ko ɗansa ko mahaifinsa, ko wanda ƙungiyar take biya albashi. A ƙauyen da kusan kowa dangin kowa ne wannan sharaɗi yana da wuyar cikawa, kuma nan ne ƙungiyoyi da yawa suke yin sakaci: a ranar zaɓe, bayan an gama kokowar shugaba da ma'aji, sai a cike gurbin masu sa ido da duk wanda yake zaune kusa. Hukumar da aka kafa haka sunanta kawai yake cikin takarda.

Tara, dakatarwa da kora

Wurin da aka fi samun ƙorafi shi ne horo. Dokar ba ta ƙayyade tarar makara ko ta fashin taro ba; ta bar wannan ga kundin ƙungiya da dokokinta na cikin gida, waɗanda mambobi ne suke amincewa da su. Dala ashirin ce ko jika guda, su suka ga dama. Abin lura shi ne tunda su suka sa dokar, su ne kuma suke da ikon canza ta, kuma shugaban da ya ƙirƙiro tarar da ba ta cikin kundi ya wuce gona da iri.

Game da kora kuwa, dokar ta yi magana dalla-dalla. Ana iya korar mamba idan ya shekara biyu a jere da gangan bai yi wata hulɗa da koperatif ba, ko kuma idan halinsa ko aikinsa ya saɓa wa alƙawarin amana da ya ɗauka har ya cutar da ita. Misalin da kowa ya sani shi ne wanda ya karɓi taki bashi daga ƙungiya, kaka ta yi ya kai amfaninsa wa ɗan kasuwa ta bayan gida. Amma ko a nan, kwamitin gudanarwa ba shi da kalmar ƙarshe. Korar da ya yanke ba ta tabbata sai babban taro ya amince da ita, da dalili a fayyace. Wanda aka kora yana iya kai ƙara gaban babban taron, kuma muddin taron bai yanke ba, hukuncin a dakace yake. Bayan taro ya yanke, ana da kwana 10 a sanar da shi a rubuce tare da dalilai. Ƙofar kotu tana nan a buɗe gare shi, kuma haƙƙinsa na kuɗi ba ya faɗuwa don an kore shi: ana biyan sa kamar yadda ake biyan wanda ya fita da kansa.

A filayen noman rani irin na Ƙonni da Jiratawa batun ya fi zafi, domin abin da mutum zai rasa ba suna cikin rajista ba ne, fegin da yake ci da iyalinsa ne. Wanda ya kasa biyan kuɗin da ake karɓa kowace kaka don famfo da gyaran magudanai, wato redevance, yana iya fuskantar ƙwace fili. Ba a musun cewa ba tare da wannan tsoro ba famfo zai tsaya, kowa ya yi asara. Abin da manoma suke son a tambaye su shi ne ko ma'aunin ɗaya ne ga kowa, ko mai babban bashi da yake da ɗaurin gindi yana shan abin da ƙaramin manomi yake sha.

Me ya sa babban taro kaɗai ba ya isa

A takarda, duk abin nan ya wadatar. A tabarmar taro kuwa labarin daban ne. Yaro ba ya musa wa sa'an mahaifinsa a bainar jama'a. Suruki ba ya tashi ya ce lissafin surukinsa bai cika ba. Wanda shugaba ya ranta wa hatsi a watan bakwai ba zai ɗaga hannu a watan ɗaya ya ƙi amincewa da rahotonsa ba. A ƙungiyoyin da suka haɗa maza da mata, matan sukan zauna gefe guda, a ƙare taro ba a ji muryar ko ɗaya ba, sai a hanyar komawa gida maganar gaskiya take fitowa. Ga kuma matsalar harshe: kundi da rahoton kuɗi galibi da Faransanci ake rubuta su, sakatare ya karanta ya fassara abin da ya ga dama, cikin mambobin da yawancinsu ba su yi lakkwal ba. Idan aka ce “kun yarda?” aka ji “mun yarda”, abin da aka auna shi ne kunya, ba ra'ayi ba.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan sauƙin gyarawa, wato a bar wanda ake son a ji ra'ayi a kansa ya zama shi ne mai tambayar. Shugaban da ya miƙe ya ce duk mai ƙorafi a kaina ya faɗa, ko da zuciya ɗaya ya faɗi haka, ya riga ya rufe bakin mutane. Wannan aiki na masu sa ido ne, ko na wani daga tarayya irin su FUMA Gaskiya a Maraɗi ko FCMN-Niya ta masu noman lambu, ko ma'aikacin gona na yankin, kuma ya fi kyau a yi shi kwamitin gudanarwa ba ya wurin.

Dabarun da aka gwada a ƙasar nan

Misali biyu na cikin gida sun nuna abin da yake yiwuwa. Na farko shi ne Mata Masu Dubara, tsarin asusun mata da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ƙarfinsa ba a cikin takarda yake ba. Ƙungiyar ƙarama ce, da wuya ta wuce mata 30, suna haɗuwa kowane mako, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, akwatin yana hannun wata makullansa suna hannun wasu. Matan ne da kansu suke tsaida dokokinsu da tararsu, kuma idan zagaye ya cika aka raba kuɗi, ana samun damar sake duba dokokin da shugabancin kafin a buɗe sabon zubi. A irin wannan tsari ba a jiran shekara kafin ƙorafi ya fito. Yana fitowa ranar da abin ya faru, tun yana ƙarami. Koperatif mai mutum 300 ba za ta iya taro kowane mako ba, amma tana iya rarraba kanta. Dokar OHADA ma ta tanadi cewa idan mambobi suka haura 500 ana iya fara yin tarukan sassa kan batutuwa iri ɗaya kafin babban taro, kuma ba abin da ya hana ƙaramar ƙungiya ta yi haka don neman shawara: mata su zauna daban, matasa daban, masu filayen ƙarshen magudana waɗanda ruwa yake isa gare su a makare su ma daban. Kowane rukuni ya wakilta mutum ɗaya ya kawo abin da aka faɗa ba tare da ambaton wanda ya faɗa ba.

Na biyu shi ne kwamitocin kula da makarantu, COGES, waɗanda yanzu ake kira CGDES. Shirin École pour tous da hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a jahar Tawa a 2004 ya dage a kan abu ɗaya da wasu suka ɗauka ƙarami ne: a zaɓi wakilan iyaye ta ƙuri'ar asiri, ba ta ɗaga hannu ko naɗin mai gari ba. Bayan haka a tattauna matsalolin makaranta a taron gari, a tsaida tsarin aikin shekara, a dawo a ba da bayanin abin da aka yi da abin da aka kashe. An faɗaɗa tsarin zuwa duk ƙasa daga 2007. Darasin da koperatif za ta ɗauka a nan a bayyane yake. Ƙuri'ar asiri ba sai ranar zaɓen shugabanni ba. Ana iya amfani da ita a tambayi ko a rage tara, ko a tabbatar da korar wani, ko an gamsu da yadda aka raba taki. Rashin iya karatu ba hujja ba ne, tunda ana yi da tsakuwa da ƙwarya biyu a bayan zana, ko da takardu masu launi.

Akwatin shawara da ake ratayewa a ƙofar magazen, shi kam bai cika yin amfani ba a inda masu rubutu kaɗan ne kuma kowa ya san hannun kowa.

Abin da ake tambaya, da abin da ake yi da amsa

Yadda aka tsara tambaya shi yake yanke irin amsar da za a samu. “Yaya kuke ganin shugabanninmu?” ba ta haifar da komai sai addu'a da godiya. Tambayar da take aiki ita ce wadda ta kama abu guda da ya riga ya faru: a rabon takin bana, wa ya samu a makare? Cikin waɗanda aka ci tara a damanar da ta wuce, akwai wanda kuke ganin an zalunta, ko wanda ya cancanta aka ƙyale? Lokacin da aka sayar da hatsin da aka ajiye, an shawarce ku kan farashi? Yana da kyau a raba tambayoyin horo da na gyara, domin idan aka cakuɗa su, maganar sabon injin ban ruwa takan cinye lokacin, batun wanda aka kora ya bi ruwa. Kuma waɗanda suka fi cancanta a nema su ne waɗanda suka daina zuwa. Mutum biyu daga masu sa ido su bi su gida ɗaya bayan ɗaya; abin da za su ji a zaure cikin rabin awa ya fi abin da za a ji a taron yini.

Lokacin tambaya ma yana da tasiri. Taron da aka sa a tsakiyar shuka ko ranar kasuwar garin, ko bayan matasa sun tafi cin rani, ya cika sharaɗin doka amma ya zaɓi waɗanda za su halarta. Dokar ta yarda wanda ya samu uzuri ya wakilta wani ya jefa masa ƙuri'a, sai in kundin ƙungiya ya hana, kuma kundin ne yake faɗin mutum nawa wakili ɗaya zai iya riƙe wa. Ƙungiyar da ta bar wannan a sake tana iya wayar gari mutum uku sun zo da muryoyin rabin mambobi a aljihu.

Sashen da aka fi yin watsi da shi shi ne mayar da amsa. Doka ta wajabta a rubuta bayanin kowane babban taro: ranar da wurin, waɗanda suka halarta, abin da aka tattauna a taƙaice, shawarwarin da aka kaɗa wa ƙuri'a da sakamakonsu. Wannan takarda ita ce makamin mamba a taro na gaba, in har an karanta ta da Hausa a farkon zama, aka bi shawarwarin bara ɗaya bayan ɗaya: wannan an yi, wannan ba a yi ba saboda kuɗinsa ya fi ƙarfin asusu, wannan kuwa kwamiti bai yarda da shi ba ga dalilinsa. Ba dole ba ne a karɓi kowace shawara. Wasu ma suna karo da juna, kamar masu son a sassauta wa masu bashi da masu son a tsananta. Amma mutumin da aka gaya wa dalilin ƙin shawararsa yakan sake kawo wata, wanda aka yi wa shiru kuwa ba ya ƙarawa.

Duk waɗannan haƙƙoƙi suna da ƙarfi a gaban alƙali ne idan koperatif ɗin tana da rajista a ƙarƙashin dokar OHADA kuma ta daidaita kundinta da ita. An ba tsofaffin ƙungiyoyi shekara biyu daga 2011 su yi wannan gyara, amma da yawa sun daɗe suna aiki da takardar amincewa ta tsohuwar dokar 1996. Mamban da yake son ya san matsayin ƙungiyarsa yana iya neman sakatare ya nuna masa takardar rajista da kundin, ko ya tambaya a ofishin ma'aikatar noma na yankinsa, inda sashen kula da koperatif yake.